Kazar Yaya a Kan Kwabo

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Hatimi ya yi a ƙarƙashin baranda ɗaya, daura da gidan waya. Kayan aikinsa ba su da yawa: ɗan tebur mai gilashi a sama, guntayen roba, rezoji da ya wasa da kansa har suka yi tsini kamar allura, kwalbar tawada, da wani tsohon madubi da ya tsage a gefe. Duk mai son hatimi a garin, daga shugaban makaranta har mai shagon magani, wurinsa yake zuwa. Aikin kuwa a juye ake yin sa, domin abin da ka sassaƙa a dama, a hagu zai fito a takarda. Maƙwabcinsa a barandar, wani mai gyaran agogo, yakan tsokane shi da cewa in aka ba shi jarida sai ya kara ta a madubi kafin ya gane labarin.

Iyayensa sun rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta rene shi. Shekara tara ta ba shi. Ba ta gaji gona ko shago ba, kaji kawai take kiwo a bayan ɗaki, da ƙwansu ta saya masa allo da fensir har ya yi aji huɗu. Daga nan ta kama hannunsa ta kai shi wata maɗaba'a, ta ce wa mai wurin ga amana. A can ya koyi sassaƙa haruffa. Har ya yi furfura ba ta daina kiran sa Auta ba, shi kuma bai taɓa zama a kujera tana tsaye ba.

Shekarar da ƙasar ta samu 'yancin kai, aiki ya yi masa ruwa. Kowane ofis yana da hatimi mai kambin sarkin masu mulkin da suka tafi, kuma kowane ofis yana so a cire kambin nan kafin Litinin. Yatsunsa suka yi kanta, tawada ta kama farcensa har matarsa ta haƙura da ba shi sabulu.

Cikin wannan hada-hada wani akawu daga baitulmali ya zo, siriri mai yawan share gumi, ya ce a yi masa hatimin kwamitin sabon kuɗi. Ya zauna a benci yana jira, ya fara ƙorafi kamar yadda masu jira suka saba. Ya ce an buɗe gasar zanen da za a sa a kan silalla, takardu sun cika masa ofis. Kowa zaki yake aikowa, ko gaggafa, ko rana tana fitowa daga bayan dutse, kuma kowa babban kwabo yake hari.

"Ƙaramin fa?" in ji Mai Hatimi, bai ɗago kai ba.

"Wa ya damu da shi? Faɗinsa bai wuce maɓallin riga ba. 'Yan kaɗan da suka gwada, da an rage zanen sai ya koma kamar an taka ƙwaro."

"Ai laifinsu ne. A babban allo suke zanawa, sannan su ce a matse. Abin da za a gani ƙarami, ƙarami ake fara shi."

Akawun ya dubi hannun Mai Hatimi, ya ga yadda yake fitar da harafi mai girman ƙwayar gero, ya ce, "To malam, me zai hana ka gwada? Ranar Alhamis ta sama ake rufewa."

Da farko shi ma zaki ya zana, don ya ga abin da manya ke so ke nan. Matsalar ita ce bai taɓa ganin zaki ba sai a gwangwanin man takalmi. Da ya nuna wa matarsa, ta juya takardar sama da ƙasa, ta tambaye shi ko kyanwar maƙwabta ce haƙori ke damu. Ya karɓe takardarsa. Gaggafar da ya gwada washegari ita ma ba ta fi haka ba.

Ranar hutu ya tafi gaishe da Yaya kamar yadda ya saba. Ya tarar da ita a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba. Cikinsu akwai wata ja, mai faɗin ƙirji, da 'yan tsaki uku a bayanta. Yatsa ɗaya na ƙafarta ta hagu a karkace yake, ƙofa ce ta datse shi tun tana 'yar tsako. Ya zauna a kan turmi yana kallon yadda take tono, ta ja da baya, ta bar wa 'ya'yan su ci. Can ya ce, "Yaya, ara mini kazar nan."

"Baƙi ka yi?"

"Ba yankawa zan yi ba. Zana ta zan yi, a sa a kuɗin ƙasa."

Yaya ta ajiye ƙwaryar, ta taɓa goshinsa da bayan hannu. "Auta, rana ce ta buge ka a barandar nan?"

Ya yi mata bayani. Ya ce ƙaramin kwabo ba gwamna ne zai riƙe shi ba, ba kuma manajan banki ba. Mai sayen allura ce za ta riƙe shi, da mai sayen ashana, da tsohuwar da ke ƙulle shi a bakin zane. Su kuwa waɗannan ba abin da ya haɗa su da zaki. Yaya ta ce ita dai ba ta ga abin zanawa a jikin kaza ba, amma tunda ba cinye ta zai yi ba, ga shi ga ta.

Kwana uku yana rufe tebur da la'asar ya zo. Kazar ba ta san ana zana ta ba, ba ta kuma damu ta sani ba. Da ya kafa fensir sai ta juya masa baya. Dole Yaya ta tsuguna tana zuba tsaba kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya don ta tsaya, tana mita cewa wannan kwabo tun bai fito ba ya fara cin hatsinta. Da zanen ya zauna masa a hannu, ya yanki roba daidai faɗin maɓalli, ya ari gilashin da Mai Agogo ke maƙalawa a ido, ya sassaƙa kazar da 'yan tsakinta uku. Ya shafa tawada, ya buga a tsakiyar farar takarda. Abin da ya kai baitulmali ke nan: takarda guda, da ɗigo ɗaya a tsakiya. Mai karɓa ya ɗauka ya manta bai yi zanen ba.

Bayan sati biyar aka aiko ya zo gaban kwamiti. Mai Agogo ya ara masa kwat, hannun ya yi masa tsawo har sai da matarsa ta naɗe ta kama da zare. Aka shigar da shi wani ɗaki mai dogon tebur da fanka tana juyawa a hankali. Mutum bakwai ne a zaune. Shugabarsu wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, da takardarsa a gabanta da gilashin ƙara girma a hannu.

Wani mai ƙaton tumbi a gefenta ne ya fara magana. Ya ce shi ba ya ƙin aikin, aiki ya yi kyau, amma a tuna kuɗin nan baƙi za su gani. Ƙasa ta yi shekara da shekaru tana neman 'yanci, ranar da ta samu kuma sai ta fito wa duniya da kaza?

Malamar ta dubi Mai Hatimi. "Ka ji. Me ya sa kaza?"

Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni dai kaza ce ta kai ni makaranta. Ta yayata. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne."

Wani dattijo a ƙarshen tebur ya yi gyaran murya, ya ce shi akuya ce ta kai shi, amma ya gane maganar. Aka yi dariya, har da mai tumbin. Malamar ta sake duƙawa a kan gilashin, ta ce ta ga yatsa ɗaya a karkace, ko hannunsa ne ya goce?

"Haka yatsan yake, ranki ya daɗe. Ƙofa ce ta datse shi."

"Za ka iya miƙar da shi?"

"Zan iya. Sai dai in na miƙar, ta zama kazar kowa. Wannan kuwa ta Yaya ce."

Akawun nan mai gumi, wanda ke rubuta abin da ake faɗa, ya sa baki a hankali ya ce ai karkataccen yatsa zai ba masu buga jabu wahala, don su miƙewa za su yi. Ba wanda ya yarda akwai mahaukacin da zai ɓata lokacinsa yana buga jabun kwabo mafi ƙanƙanta, amma dalilin ya yi wa kowa daɗi, aka bar yatsa yadda yake.

A wata ƙasa mai nisa ake buga silallan, don haka sai da aka yi wata goma sha ɗaya ana jira. Cikin watannin nan matarsa ta haifi 'yarsu ta fari. Kwana biyu da haihuwa Yaya ta iso da kwano a rufe, ta ce mai jego ta sha romo. Mai Hatimi ma aka zuba masa, ya sha, ya yaba, ya tsotse ƙashi. Sai da ya kai ga ƙafar ya tsaya, ya ɗaga ta yana dubawa.

"Yaya, wace kaza ce wannan?"

"Jar nan."

"Ta kuɗin?"

"Ta daina ƙwai tun watan jiya. Kuma ai ka gama zana ta, ko akwai saura?"

Ya daɗe riƙe da ƙafar yana kallon karkataccen yatsan. Matarsa tana daga kan gado tana dariya tana riƙe ciki, tana roƙon su bari don ɗinkin jikinta. Daga baya shi ma ya yi dariyar, ya kuma cinye ƙafar, tunda barin ta ba zai dawo da kazar ba.

Ranar da sabon kuɗi ya fito, layin banki ya kai har bakin gidan waya. Ya bi layi kamar kowa, ya ba da tsofaffin silalla masu kan sarkin da ba wanda ya taɓa gani, aka zubo masa sababbi a tafin hannu. Ƙananan na tagulla ne, jajaye, suna ƙyalli kamar garwashi. Bai duba ba sai da ya fita ya samu inuwa. Ga ta nan, da faɗin ƙirjinta da 'yan tsakinta uku, da yatsan. Ya zauna a kan matakalar banki har mai gadi ya zo ya tambaye shi ko lafiya.

Bai koma tebur ba, gidan Yaya ya wuce. Ya sa mata ɗaya a hannu. Ta fita da shi tsakar gida inda haske yake, ta kawo shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa.

"Ka ƙara mata ƙiba," in ji ta.

"Haka take, Yaya."

"Ni na yanka ta, ni zan faɗa maka." Ta ƙulle kwabon a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori. Sannan ta juya ta shiga ɗaki, ta ce hayaƙin murhu ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Kuɗin yana da sunan da hukuma ta raɗa masa, an rubuta a jiki, an kuma yi ta faɗa a rediyo. Ba wanda ya kira ƙaramin da wannan suna. Kafin wata ya ƙare duk kasuwa 'yar kaza ake cewa. Allura 'yar kaza ɗaya, ashana biyu, kofin ruwan sanyi a tasha ɗaya. Tsofaffin da suka ƙi karɓar manyan silallan da farko, suna cewa kuɗin da babu kan sarki ba kuɗi ba ne, ita sun karɓe ta ba gardama. Mai Agogo ya ce dama ai kaza da tsaba aka san ta, yanzu kuma ga ta ta zama tsabar da kanta. Mai Hatimi yakan bi ta cikin kasuwa a hanyarsa ta gida, ko ba abin da zai saya, don kawai ya ji ana kiran sunan daga rumfa zuwa rumfa.

Ladan gasar keke ne, baƙi, ba ƙararrawa. Wanda ya zana zakin babban kwabo an ce babur aka ba shi. Wannan bai dami Mai Hatimi ba. Abin da ya taɓa shi shi ne ranar da jarida ta buga hotunan silallan duka, ta jera sunayen masu zane, da ta zo kan ƙaramin sai ta ce aikin kamfanin da ya buga ne. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. A rana ta uku matarsa ta ajiye masa kwano a gaba ta ce, "Baban yarinya, hatimi nawa ka sassaƙa a garin nan?"

"Wa ya sani."

"A wanne ka taɓa sa sunanka?"

Ya jawo kwanon. Mai Agogo kuwa bai haƙura ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya karɓi 'yar kaza a hannunsa, ya nuna masa yatsan da bakin sukudireba, sannan ya nuna mutumin da ke duƙe a tebur na gaba. Wasu su yarda, wasu su ce tsofaffin barandar nan akwai zuƙi. Mai Hatimi ba ya ɗago kai.

Shekaru suka tafi. Yara suka zama biyar, keken ya kai kowannensu makaranta, wani a gaba wani a baya. Yaya ta tsufa ta dawo gidansa da zama, da kajinta, aka ba ta ɗakin da ke kallon gabas. A nan ta rasu, da safe, bayan ta sa an buɗe wa kaji akurki. Ya yi kewarta ƙwarai. Wata guda in ya dawo daga aiki sai ya nufi ƙofarta da sallama kafin ya tuna.

Kaya kuma suka yi ta tsada. Allura ta koma 'yar kaza biyar, ta koma goma, har ya zamana in ta faɗi a ƙasa ba mai duƙawa. Masu shago suka fara ba da alewa a madadinta. Daga baya aka sake kuɗi gaba ɗaya, aka daina karɓar ta. Ba a ma damu a tattara ba, ta zauna a gwangwanaye da ƙarƙashin katifu da aljihun tsofaffin riguna. Tela yana danne yadi da ita, 'yan dara suna jera ta a madadin tsakuwa. Sana'arsa ma ta ja baya, don an kawo injin da ke fitar da hatimi cikin minti goma. Waɗanda suka saba da hannunsa ba su bar shi ba, kuma yara sun girma suna aiki, don haka tukunya ba ta taɓa kwana ba wuta ba.

Yana da shekara saba'in da ɗaya ɗakin baya ya fara yoyo. 'Yarsa ta fari, wadda yanzu malamar asibiti ce, ta sayo kwanon rufi ta kirawo kafinta. Mai Hatimi yana zaune a inuwa sai ya ji ƙwanƙwasa iri ɗaya ba tsayawa. Ya leƙa ya ga kafintan a tsugune da gwangwani cike da 'yan kaza, yana ɗora su ɗaya-ɗaya a kan katako yana huda tsakiyarsu da ƙusa.

'Yar ta riga shi magana. "Malam, me kake yi haka?"

Kafintan ya ce ai kowa haka yake yi yanzu. Ɗan faifan da ake sa wa kan ƙusa don kada ruwa ya bi ramin ya yi tsada, kuma damina biyu yake tsatsa. Wannan kuwa tagulla ce, sai kwanon ya mutu ya bar ta.

"Ka san wanda ya zana abin da kake hudawa?" Muryarta ta fara hawa. "Ga shi nan zaune. Mahaifina ne."

Kafintan ya dubi tsohon, ya dubi gudumar hannunsa, ya rasa inda zai sa kansa. Ya fara ba da haƙuri, ya ce bari ya je kasuwa ya sayo na shago.

Mai Hatimi ya miƙa hannu aka ba shi ɗaya daga cikin hudaddun. Ramin ya bi ta fiffike, bai taɓa kai ba, bai taɓa ƙafa ba. Ya juya ta, ya murza da babban yatsa.

"Ka ce ba ta tsatsa?"

"Ko kaɗan, Baba. Rabin rufin unguwar nan da ita na yi. Har makarantar gaban masallaci."

"Kuma ba yoyo?"

"Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙara."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce wa 'yarsa ta bar mutum ya yi aikinsa. Shekara ashirin ke nan yana ganin abin nan a zube ba mai so, yau ya ji yana da amfani, ita kuma tana so a fasa. Ya tashi a hankali ya shiga ɗaki, ya fito da wata tsohuwar safa cike da su, ya zube a gwangwanin kafintan.

"Abu ɗaya zan roƙe ka," in ji shi. "In za ka kafa, ka sa kazar ta kalli sama. Kada ka kife ta."

Kafintan ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya hau tsani, 'yar ta koma kicin tana ƙunƙuni, Mai Hatimi kuma ya ja kujerarsa zuwa inda zai riƙa hango rufin. Yana nan zaune har aka kafa ƙusa ta ƙarshe, yana yi wa kafintan gyara in layi ya karkace.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara, da rana tsaka, mai ƙarfi. Matarsa ta ɗauko bokitai don sabo, ta jera a ɗakin baya. Shi ya bi ta da kujera ya zauna a tsakiyar ɗakin, ya ɗaga kai yana bin kwanon da ido layi-layi. Aka yi awa guda ana zuba. Da aka ɗauke, ta leƙa bokitan ɗaya bayan ɗaya, ta same su a bushe, ta kwashe abinta ta ce gobe sai a dawo da gadon baƙi ciki.